Ranar da Kiran Azahar Ya Yanke a Hasumiyar Agogo

Matar ƙanena ce ta zo mini da labarin, ranar da ta zo Kalgo barkar haihuwa. Muna zaune a rumfa tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, kamar mai ba da labarin faɗuwar dangar maƙwabta, "Ashe ba ki ji ba, Yaya? Hasumiyar agogo ta tahi. Ruwan bana ya ci gindinta, anka ji tsoron kada ta hwaɗa ma yara, anka ida rushe ta." Na ce Allah Sarki. Ta ci gaba da zancen wanda ya yi aure da wanda ya rasu, ni kuwa hankalina ya riga ya bar rumfar, ya koma Gwandu, ya tsaya a ƙofar gidanmu yana kallon sama kamar yadda na saba yi ina yarinya, har wuyana ya gaji.

Ba tsohuwar hasumiyar nan ta tarihi da baƙi ke zuwa gani nake nufi ba. Tamu ta unguwa ce, tana jingine da masallacinmu, katanga ɗaya ce tsakaninta da gidanmu. Ta ƙasa ce, ja, mai faɗin gindi, tana tsukewa tana hawa, matakalarta ta waje tana zagaye ta kamar an naɗa mata rawani. Idan aka auna ta da benayen da ake yi yanzu, na san ba a bakin komai take ba. Amma a wancan zamani, da babu abin da ya fi bishiyar kuka da giginya tsawo a idonmu, ita ce ƙarshen tsawo. Shirwa kan sauka a kanta. Da safe inuwarta kan kwanta har cikin tsakar gidanmu, ta rufe turmi da randuna, sannan ta riƙa janyewa a hankali. Inna ba ta taɓa tambayar kowa lokaci ba. Idan inuwar ta bar bakin rijiya, ta san ya kamata a ce fura ta tafi gona.

Kakana na wajen uba ya ce yana saurayi aka gina ta, kuma da ƙafafunsa aka taka ƙasarta. Ba a ɗauko magini daga wani gari ba. Mutanen unguwa ne suka yi gayya bayan an gama girbi, kowane gida ya kawo abin da yake da shi, wasu azara, wasu kashin jaki da ciyawa na cuɗa ƙasa, mata kuma ruwa da abinci. Ya ce sai da aka yi rani biyu ana ɗora tubali, domin babban maginin unguwar ba ya yarda a ɗora sabo sai na ƙasa ya bushe ƙayau. Idan matasa suka ƙosa, sai ya ce musu, "Ku da za ku mutu ku bar ta, gaggawar mi ku kai?" Kaka kan yi dariya idan ya zo nan, ya ce ai kuwa duk sun mutu sun bar ta, saura shi kaɗai. Shi ne ladaninta na biyu. Da ƙafafunsa suka gaza, Baba ya karɓa.

Agogon daga baya ya zo. Wani bafataken goro ne ɗan unguwarmu, wanda ya daɗe yana zuwa Kurmi, ya kawo shi sadaka saboda Allah ya raba shi da wata cuta a hanya. An ce a naɗe cikin auduga da tabarmi ya iso, a bayan jaki, ana tafe ana lallaɓa shi kamar jinjiri. Babba ne, akwatinsa na baƙin katako, fuskarsa fara mai faɗin faifai, ga wani ƙarfe mai ruwan zinariya yana lilo a cikinsa ba ya gajiya. Da aka buɗe shi a ƙofar masallaci ya buga, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta zubar da ƙwaryarta ta ruga. Sai kuma gardama ta tashi. Wasu dattawa suka ce ba a haɗa kayan Nasara da ɗakin Allah, rana da inuwa sun ishi iyayenmu, za su ishe mu. Wasu suka ce a sa shi a zauren mai unguwa. Limamin lokacin, mutum ne mai sanyin magana, ya bari kowa ya faɗi nasa, sannan ya tambaye su, ranar da hadari ya rufe rana tun safe har yamma, da wace inuwa suke auna Azahar? Ya ce rana ita ce shugaba, agogo kuwa yaronta ne, idan ta fito a bi ta, idan ta ɓuya a tambayi yaron. Nan aka tsaya. Aka fafe masa gurbi a ɗan ɗakin da ke ƙolin hasumiya, aka buɗe taga ta wajen kasuwa don fuskarsa ta leƙo. Tun daga ranar sunanta ya zama hasumiyar agogo.

Bugun agogon kansa ba ya wuce gidajen da ke kusa. Saboda haka maƙerin unguwa ya rataya wani babban ƙarfe a jikin azara, can sama, tare da guduma. Idan agogo ya buga a manyan lokuta, da hantsi, da tsakar rana, da kuma sakaliya bayan La'asar, sai ladan ya maimaita a jikin ƙarfen. Wannan ƙara ita ce ta rene mu. Tana da zurfi, tana fita ta daɗe tana rawa a iska kafin ta mutu. Da ita makarantar allo ke tashi, da ita masu rini ke fitar da zane daga baba, da ita 'yan mata ke ɗaukar tallar yamma. Mutanen Masama da Maruda da ke zuwa cin kasuwa, da yawansu ba su san ƙidayar da ke fuskar agogon ba, amma sai sun tsaya sun ɗaga kai sun kalle shi, wasu har su ɗora yaransu a wuya. Na sha jin suna cewa, "Dubi, shina tahiya, kuma babu mai tura shi." Yanzu ina zaune cikin jikoki, kowanne da waya a hannu, kowanne da lokacinsa a aljihu, amma sai a kira salla a idar wani bai san an yi ba. Mu lokaci ɗaya gare mu duk unguwa, a sama yake, kowa yana jin sa tare da maƙwabcinsa. Idan ya buga, ka san mutumin da ke bayan katangarka ma ya ji, kuma abin da za ka tashi ka yi shi ma shi zai tashi ya yi.

Kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida akan yi mata yaɓe. Mu 'yan mata mu ke jigilar ruwa daga rijiyoyin fadama, tulu a kai, muna tafe muna waƙa, mu juye a ramin kwaɓa mu koma. Samari suna ciki har gwiwa suna takawa. Tsofaffin mata suna gefe suna jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, warinta ya cika unguwa, ita ce ake shafawa a ƙarshe don ruwa ya riƙa zamewa. Ana jefa curin ƙasa daga hannu zuwa hannu har ya kai ga wanda ke maƙale a sama. Duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, ko da tulu ɗaya ne, yana jin hasumiyar tasa ce. Amma hawa, wannan na ladan ne da masu yaɓe. Yaro namiji ma idan aka kama shi a matakala sai ya sha bulala, balle mace. Ban taɓa jin an ce haramun ne ba. Abu ne kawai da ba a yi, kuma bai taɓa zuwa mini a rai ba.

Baba mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana. In ba don kiran salla ba, sai ka yi zaton ba shi da murya. Kowace Juma'a da safe yakan ciro ɗan makullin agogon daga cikin hularsa ya hau ya yi masa wani, wato ya murɗa shi don kada ya tsaya, ya goge gilashinsa da tsumma mai tsabta wanda Inna ke wankewa daban, ba ta haɗa shi da kayan kowa. Ba ya nisa da gari. Gonarsa ma 'yan'uwa ke taya shi, saboda kada lokaci ya riske shi a daji. Ko biki ake a dangi, da ya dubi inuwa sai ka ga ya miƙe ya saɓa babbar rigarsa.

Abin da zan faɗa ya faru ne a daminar da nake ɗauke da cikin fari. An riga an aurar da ni a Kalgo, aka maido ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi, cikin ya tsufa har ba na iya ganin yatsun ƙafata. Lokacin noman fari ne, gero ya kai gwiwa, ciyawa na neman cin ƙarfinsa, duk wani namiji mai ƙarfi yana gona, har da ƙannena. Da asuba an ɗan yi yayyafi, sannan gari ya yi luf, ga zafi ga hadari yana haɗuwa a gabas. Muna tsakar gida ni da Inna, tana tankaɗe, ina tsince wake. Muka ji takun Baba a matakala ta bayan katanga, a hankali kamar kullum. Ya yi gyaran murya. Ya ɗauki kiran Azahar, ya yi kabbarori, ya shiga shahada, ya ja ta yadda ya saba, sai muryar ta karye a tsakiya. Muka jira. Wani lokaci tari kan sarƙe shi, ya tsaya ya ci gaba. Amma shirun ya yi tsawo. Har kaji sai da na ga kamar sun daina tono.

Inna ta ajiye rariya. Ta ce, "Malam ya yi shiru." Ba ta ce da ni in je ba. Ita tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa fita da rana ba. Na jawo mayafi na fita.

A gindin hasumiya na tarar da tsofaffi uku, waɗanda kullum su ke riga kowa zuwa masallaci don ba su da gonar zuwa. Akwai Baffa, wan Baba, wanda ciwon gwiwa ya sa ko dokin ƙofa sai an kama shi yake ƙetarewa. Akwai wani malami makaho da ke zama a inuwar masallaci, da kuma wani tsohon wanzami mai rawar hannu. Sun ɗaga kai suna kira, "Ladan! Ladan!" Babu amsa. Wanzamin ya gwada hawa, bai yi nisa ba ya zauna yana haki. An aiki wani yaro gona, amma gonakin da nisa.

Na tuɓe takalmana na sa ƙafa a matakala. Baffa ya daka mini tsawa, "Ke ɗiyag ga! Ina za ki? Mace, kuma da wanga ciki? Sauko!"

Na ce, "Baffa, Baba na can."

Ya ce, "Na sani shina can. In kin hwaɗo, rai nawa za mu biɗa?"

Sai makahon ya ce, "Wa ta?" Aka gaya masa. Ya ce, "Ku bar ta. Cikinmu akwai mai iya hawa? To ku bar ta. Ɗiyata, dahe bango da hannun dama, kada ki dubi ƙasa. Ki yi bisimilla ki tahi."

Na yi bisimilla. Matakalar ba ta da makari ta waje, faɗinta bai fi na mutum ɗaya ba, yayyafin safe kuma ya sa ta santsi. Tsakiyar kowane mataki ya lotsa saboda ƙafar kakana da ta ubana, a cikin wannan lotsawar na riƙa sa tawa. Na dafa bango, ina jin ɗumin ƙasar a tafin hannuna. Rufin gidanmu ya zo daidai da idona, ya koma ƙasa. Kan dabinon maƙwabta ya zo, shi ma ya koma ƙasa. Iska ta fara jan mayafina, abin da ke cikina ya motsa da ƙarfi, na tsaya na manna goshina da bango ina salati har jiri ya sake ni. Daga nan da rarrafe na ƙarasa.

Na same shi kwance a kan ɓarinsa, a ɗan filin da yake tsayawa ya yi kira. Katangar wurin gajeriya ce, akwai kuma wata kafa da aka bari don ruwa ya fita, ƙafarsa ɗaya ta riga ta zura ta can. Hularsa ta faɗi. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace, yana ta yunƙurin tashi da hannu ɗaya, kuma kowane yunƙuri ƙara tura shi yake wajen kafar. Na kama rigarsa da hannu biyu na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Na ce, "Baba, ni ce. Kada ka motsa." Ya dube ni, leɓensa na rawa. Na kasa kunne, sai na gane ba magana yake son yi mini ba. Kiran sallar yake son ƙarasawa.

Na leƙa na ce wa na ƙasa, "Shina da rai!" Na ji Baffa ya fashe da kuka. Amma ba zan iya ɗaga shi ba, su kuma ba za su iya hawowa ba, ga hadari ya taso ya yi baƙi ƙirin. Idan ruwa ya sauko muna can, matakalar ba za ta taku ba. Sai idona ya faɗa kan gudumar, tana rataye inda hannuna zai kai. Na jingina kan Baba da mayafina, na miƙe na ɗauke ta. Na buga ƙarfen. Ban taɓa sanin haka ƙararsa take a kusa ba, sai da na ji ta a haƙorana da ƙashin bayana. Na ci gaba da bugawa ba ƙidaya, ba tsari, yadda duk wanda ya ji zai san ba lokaci ake faɗa ba.

A nan ne na ɗaga ido na ga duniya. Ni da ban taɓa ganin abin da ya wuce tsawon titi ɗaya a lokaci guda ba, sai ga Gwandu gaba ɗaya a shimfiɗe ƙarƙashina, gida bayan gida, kowace tsakar gida a buɗe kamar an cire wa tukwane murfi. Ga mata sun fito suna kare ido da hannu suna kallon sama. Ga fadama kore shar, ruwa na ƙyalli a tsakanin rake. Ga tuddan jan dutse da suka kewaye gari, waɗanda nake zaton su ne bangon duniya, ashe akwai gonaki a bayansu, bayan gonakin akwai wasu ƙauyuka, bayan ƙauyukan ƙasa na ci gaba har inda ta haɗu da hadari. Rabin ƙasar na cikin rana, rabi cikin inuwa, ina ganin layin da ya raba su yana tafowa. Kuma a cikin gonakin nan, ɗigo-ɗigon mutane da suke duƙe, na ga sun miƙe ɗaya bayan ɗaya. Suka tsaya. Sannan suka yar da kayan noma suka fara gudu. Daga gabas, daga yamma, daga hanyar Kambaza, daga cikin fadama, kowace siririyar hanya ta cika da mutane, duk sun nufo wuri ɗaya. Hannuna na bugawa, bakina na cewa Allahu Akbar, ban san ina faɗa ba. Ubana na kwance a ƙafafuna tsakanin rai da mutuwa, amma ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin abin da ya cika mini zuciya girman Allah ne, da mamakin yadda ƙasar da muka kwaɓa da ruwan tulunanmu ta iya kiran gari guda.

Wanda ya fara isowa wani mahauci ne ƙaƙƙarfa, jikinsa duk taɓon gona. Da ya gan ni ya yi turus, sannan ya ce, "Sannu, ƙanwata. Kauce in ɗauke shi." Wani ya biyo shi, suka ɗaure Baba a bayan mahaucin da rawani kamar goyon jariri, suka fara sauka da baya da baya, mutane a ƙasa sun yi tsit, ba ka jin komai sai salati. Suna isa ƙasa sai wani saurayi, ɗalibin liman, ya hau ya tsaya a tsakiyar matakala ya sa hannu a kunne ya ɗauki kiran daga farko. Muryarsa na rawa, amma ya kai shi ƙarshe. An ce da Baba ya ji, sai jikinsa ya saki, ya daina yunƙuri.

Ni kuwa aka manta da ni na ɗan lokaci. Na ja jiki na shiga ɗan ɗakin agogon na zauna. Karo na farko ke nan da na gan shi ta ciki. Ɗakin na ƙamshin man da Baba ke ɗiga masa, ga buzunsa a shimfiɗe, ga 'yar butarsa. Ƙarfen nan mai lilo yana ta kai da komowa, bai san abin da ya faru ba, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Na zuba masa ido har numfashina ya daidaita da shi. Iska ta taso, ɗigon farko ya bugi taga. Sai na ji wata murya a matakala tana kiran sunan da ake kirana da shi a gida. Inna ce. Matar da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa, ta ratsa taron maza ba takalmi, ta hawo har rabin hasumiya. Ta ce, "Taho, ina nan. Zamna ki riƙa jan jiki. In kin zame, kaina za ki hwaɗa." Haka muka sauko, tana gaba ina baya, ruwa na dukanmu. Muna shiga gida aka kece kamar da bakin ƙwarya.

Baba bai rasu ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta tafi, ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan kamar ta yaro mai koyo. Bai sake hawa ba. Ɗalibin nan ya zama ladan, ƙanena kuma ya karɓi makullin agogo. An yi 'yan maganganu a unguwa kan hawan da na yi, wasu na cewa ba a taɓa yi ba, har maganar ta kai Kalgo wajen dangin mijina. Da Juma'a ta zo liman ya ce a gaban jama'a shi bai ga laifi ba, wanda ya ga laifi kuma ya zo ya gaya masa inda yake a lokacin. Ba wanda ya je. Na haihu lafiya kafin gero ya nuna, namiji.

Ina cikin wankan jego, wata rana da hantsi, aka fito da Baba inuwar zaure ta ciki ya sha iska. Na zo wucewa da jariri, sai ya yi mini alama da hannunsa mai lafiya in zauna. Na yi mamaki, domin ni ce 'yar fari, kuma a gidajenmu uba na kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama hira da ni ba, idan yana son abu a wurina sai ya gaya wa Inna. Na zauna nesa kaɗan, kaina a ƙasa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, "Can bisa. Mi kig gani?"

Na fara gaya masa, ina jin nauyi. Na ce na ga fadama, na ga bayan tuddai. Ya gyaɗa kai. Na ce na ga wata kuka ita kaɗai a kan tudu, kamar mutum ya ɗaga hannuwa. Sai idonsa ya yi haske, ya ce, "Ta nan. Ta nan har yanzu." Ya tambaye ni ko na ga inda ruwa ke taruwa ya yi fari a arewa. Na ce na gani. Na lura yana murmushi da rabin bakinsa. Shekara da shekaru yana hawa yana ganin wannan abu sau biyar a yini, ya sauko ya shigo gida, babu wanda zai gaya wa ya gane.

Na ɗauka ya gaji, na fara shirin tashi. Sai ya ce, "Hanyar yamma. Kin ga inda ta shige tsakanin duwatsu?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "Ran da anka kai ki Kalgo." Na tuna ranar. Mata sun cika gida, ina kuka cikin lulluɓi, an kai ni in yi masa sallama aka ce ya fita. Na tafi da wannan a raina, ina ganin ko a ranar ma kunya ta fi ni a wurinsa. Ya ɗaga yatsa ya nuna sama. "Ina can. Motar na tahiya, ina kallo. Har taz zama kamar ƙuda. Har duwatsun sunka rufe ta." Ya sauke hannun. "Ban sauko ba sai La'asar."

Hawaye na zuba a kan zanen jaririn. Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya, na matsa na ɗora masa yaron a cinya, na riƙe ta ɗaya gefen don kada ya zame. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan, a hankali, da harshensa mai nauyi, ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in gyara wa yaron hula, iska na shigar masa kunne.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna, da duk waɗanda suka yar da kayan nomansu a gona suka rugo a ranar.